Mai gyaran da ya tashi kwamfutata a Fam Santa, da ThinkPad ɗin da na dawo da ita

Ni akawu ne a wani siton riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau. Siton na kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, ni kuwa aikina rubutu: buhu nawa ya shigo, na wa ne, kilo nawa aka cire na datti, wa ya karɓi kafin alƙalami, wace mota ce ta ɗauki lodi zuwa Legas. Tun 2019 na kwashe wannan lissafi daga manyan littattafai na zuba shi a Excel, cikin wata laftof da na saya sabuwa fil a kwalinta. Siririya ce, mai ƙyalli, marar nauyi. Ba zan faɗi sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, domin abin da ya same ta har da hannuna a ciki, kuma kusan kowane kamfani yana yin irinta.

Ta daɗe tana ba ni alama. Fankarta ta fara kuka kamar injin markaɗe, ƙasanta ya riƙa zafi har ba na iya ɗora ta a cinya, idan rana ta take sai ta mutu da kanta ina tsakiyar aiki. Cajarta ta asali ta tsinke, na sayi wata mai araha a bakin titi. Ran wata Litinin da safe na danna makunni, shiru. Na sake dannawa, shiru. Ko ɗan hasken da yake nuna caji bai kama ba. A cikinta akwai lissafin kaka guda, da bashin da muke bin mutane, da wanda ake bin mu. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, kana nufin dukiyar mutane tana cikin wannan abin da ya mutu?" Ban iya ba shi amsa ba.

Mai gyara na farko da na kai wa a unguwarmu ko buɗe ta bai yi ba. Ya jona caja, ya danna, ya juya ta, ya ce bod, wato babban faifan da kayan cikinta suke kai, ya ƙone, sai an sa wani, kuɗin kuma ya kusa rabin kuɗin wata kwamfutar. Wani abokina da ke sayar da kayan waya ya ce kada in yarda, in zo Fam Santa, kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Kano, ya haɗa ni da wanda yake awo kafin ya yi magana. Wannan shagon nake so in ba da labarinsa.

Daga Dawanau zuwa Fam Santa a Tarauni tafiya ce ta ratsa gari, adaidaita biyu na hau. Shagon ɗan ƙarami ne a cikin layi, teburi ɗaya dogo, benci ɗaya da ba ya ɗaukar fiye da mutum uku, yara biyu masu koyon aiki. Yaran suna kiran mai shagon Oga, mu masu kawo gyara muna ce masa Injiniya. Bayan mun gaisa bai karɓi kwamfutar nan take ba, tambaya ya fara yi. Yaushe ta mutu, ta faɗi ko ruwa ya taɓa ta, da wace caja nake amfani, a wutar gari nake jona ta ko janareta, wani ya taɓa buɗe ta. Sai ya ce, "Malam, me ya fi damunka, kwamfutar ko abin da ke cikinta?" Na ce abin da ke ciki. Ya ce to da shi za a fara.

A gabana ya kwance ƙasanta, ya zare had-dis ɗin, wato ma'ajiyar fayiloli, ya sa shi a wani ɗan akwati mai wayar USB, ya jona a tasa kwamfutar. Sai ga fayilolina reras, har da wanda na rufe ranar Asabar da yamma. Ya ce in sayo filas a shagon maƙwabci, ni da hannuna na kwafe, bai buɗe ko ɗaya ba. Nan na kira Kawu na ce lissafi yana nan lafiya. Ban san cewa mutuwar kwamfuta daban, mutuwar abin da aka ajiye a cikinta daban ba sai ran nan, kuma mai gyaran farko bai faɗa mini ba.

Daga nan ya shiga neman cutar. Wannan wurin ne ya sa nake yaba masa, don haka zan faɗe shi dalla-dalla. Ya ɗora mita a bakin cajar da na saya. A jikinta an rubuta bolt 19, amma allurar lambobin tana hawa tana sauka, ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ya ajiye ta gefe. Ya ɗauko tasa caja mai ɗan koren haske, ya ce in kalli hasken. Yana jona ta a kwamfutar, hasken ya mutu. Yana zarewa ya sake jona ta a soket, hasken ya dawo. Ya ce wannan alamar shot ce, wato wuta tana samun gajeriyar hanya zuwa ƙasa a cikin bod, caja mai kyau kuwa in ta ji haka sai ta kashe kanta. Ya cire batir, wanda ya riga ya kumbura kamar fanke har ya fara ɗaga wurin shafa yatsa. Ya fito da bod ɗin, ya sa mita a babban layin wuta, mita ta yi ƙara. Sai ya yi abin da ban taɓa gani ba. Ya saita na'urar ba da wuta ta kan teburinsa a bolt 1 kacal, ya tura ta cikin layin, ya shafa sifirit a kan bod da ɗan buroshi, ya sunkuya yana kallo. Ko'ina yana jiƙe, sai wuri guda da ya bushe nan take. Ya nuna mini da bakin hantsaki: wani ɗan abu mai launin ƙasa, bai kai ƙwayar riɗi ba. Kafasita ce, ɗan abin da ke tara wuta a bod, ta tsage, ita ke zuƙe wutar tana zafi. Ya hura mata iska mai zafi ya ɗauke ta, ya ciro irinta daga wani mataccen bod ya maye gurbin, ya sake awo, mita ta yi shiru. Ya haɗa, ya danna, allo ya kawo haske.

Abin da aka ce mini bod ya ƙone ke nan.

Da ya buɗe wajen fanka kuwa, abin da ya fito ya ba ni kunya da tausayin na'urar. Tsakanin fanka da ƙarfen da iska ke bi ta fita akwai wani dunƙule kamar auduga da aka daddanne, ƙurar sito ce da ƙaiƙayin riɗi da na hunturu na shekaru, ya toshe hanya gaba ɗaya. Man da ake shafawa tsakanin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama kamar alli. Ya ce furosesa idan zafi ya yi mata yawa tana rage gudu da kanta, idan ya wuce iyaka sai ta kashe kwamfutar don kada ta lalace, mutuwar da take yi mini da rana ke nan. Ya goge, ya shafa sabon mai, ya wanke fankar. Kuɗin aiki duka naira dubu 18 ya karɓa, ban da batir. Tsohon batirin ya hana ni tafiya da shi a jaka, ya ce kumburarre in ya huje yana kamawa da wuta.

Zaman jira a benci ya koya mini abubuwa da yawa, domin shagon ba ya rabuwa da mutane. Wata ɗaliba ta zo ido ya yi ja, kwamfutarta tana kunnuwa, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, aikinta na kammala karatu yana ciki. Ya ce, "Ƙanwata, kwantar da hankalinki." Ya haska tocilan a jikin allon ya duba ta gefe, ya ce da an ga inuwar rubutu da fitilar bayan allo ce ta mutu. Ba a ga komai ba. Ya jona ta da wata talabijin ta wayar HDMI, nan ma babu, ya ce to laifin ba na allo ba ne. Ya zare ram, ɗan faifan da ke riƙe aikin da kwamfuta take kan yi, ya goge bakinsa mai ruwan zinare da kilina irin ta 'yan makaranta, ya mayar har ya yi ƙas. Ta tashi. Minti goma bai cika ba, kuɗin da ya karɓa bai wuce na adaidaita ba. Wani bawan Allah kuma shayi ya zube masa a kibod, ya binne kwamfutar a buhun shinkafa kwana biyu, yana fito da ita yana gwada kunnawa. Injiniya ya ce shinkafa ba ta yin komai, kunnawar da ya riƙa yi ita ta ƙarasa ta, ga sukari da madara sun ci ƙafafun kayan. Da a take ya zare caja, ya kashe ta, ya kife ta, ya kawo an cire batir an wanke, da wataƙila ta rayu. Bai yi masa alƙawari ba, ya ce zai gwada, in bai tashe ta ba kuɗin dubawa kawai zai biya.

Shagon yana da nasa aibu, kuma ba ƙanana ba ne ga mai sauri. Batirin da ya ce zai samo mini ranar Talata sai Alhamis ya samu, na kira shi ya fi sau biyar bai ɗauka ba, na yi asarar wuni guda da kuɗin mota. Ba ya rubuta rasit sai ka nema, ba ya maƙala suna a jikin kayan mutane, a ka yake riƙe komai, wannan kuwa wata rana zai jawo rigima. Ɗaya daga cikin yaran ya mayar da ƙasan kwamfutata da noti guda babu, sai da na ƙirga na nuna. Wurin zama ba shi da inuwar kirki, mace da ta zo ita kaɗai za ta takura.

Da na zo karɓa ya ce, "Malam, ta tashi, amma gaskiya ɗaya ce, kada ka sake ɗora mata dukiyar mutane ita kaɗai." Ya nuna mini dalili. Robar da ke riƙe hinji ta tsage, kullum aka buɗe murfi tsagewar tana ƙaruwa. Ram ɗinta giga 4 ne, an liƙe shi a jikin bod da dalma, babu gurbin ƙari. Furosesarta Core i3 ce ƙarni na 7, Windows 11 kuwa daga ƙarni na 8 na Intel take karɓa a hukumance, tare da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0, ga shi Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.

Na tambaye shi wane kamfani ya fi, HP ko Dell ko Lenovo. Ya ce tambayar ce ba daidai ba. Kowanne cikinsu yana da layin da yake yi wa masu saye a kanti, da layin da yake yi wa ma'aikatu da bankuna. Na ma'aikatu su ne EliteBook da ProBook a HP, Latitude a Dell, ThinkPad a Lenovo. Su ake yi wa hinjin ƙarfe mai ƙwari, su ake iya kwancewa da sukudireba ɗaya, kuma da yake kamfanonin Turai da Amurka suna sauke su da yawa bayan 'yan shekaru, su suka cika kasuwanninmu a matsayin ta hannu, wadda 'yan kasuwa ke kira Landan-yus. Abin da ya yi yawa a kasuwa kuwa kayan gyaransa ba sa wuya. A wurinsa tsohuwar ta ma'aikata ta fi sabuwar ta kanti mai kuɗi ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji shi.

Shi ba ya sayar da kwamfuta, kuma wannan ya ƙara mini yarda da shi. Ya aika yaro wurin maƙwabcinsa aka kawo guda huɗu, dukkansu masu inci 14 da Core i5 ƙarni na 8: Dell Latitude 5490, HP EliteBook 840 G5, da ThinkPad T480 guda biyu. Ya ce zai duba mini su a kan naira dubu 5, ko na saya ko ban saya ba. Kowacce sai da ya shiga BIOS ɗinta tukuna, wato allon saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ta danna F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. Ɗaya daga cikin huɗun ta nemi kalmar sirri a nan, ya rufe ta ya miƙa wa yaro ya mayar, ya ce ma'aikatar da ta fito ba ta cire makullinta ba, ko kyauta kada in karɓa. Sauran ya sa su gwajin da kamfanonin suka gina a cikinsu, wanda ke duba ram da ma'ajiya da fanka tun kafin Windows ta tashi. Ya buɗe baƙin allon umarni ya rubuta powercfg /batteryreport, ya nuna mini lambobi biyu: ƙarfin da aka ƙera batir da shi, da wanda yake iya ɗauka yanzu. Ya duba lafiyar SSD, wato ma'ajiyar fayilolinsu, da awannin da ta yi aiki da wata manhaja mai suna CrystalDiskInfo. Ya sa ni na danna kowane harafi a kibod, na gwada kowace kafar USB, kyamara, lasifika, ya mayar da allo fari tas sannan baƙi don a ga tabo. Ya buɗe murfi ya rufe sau da yawa yana sauraren hinji.

Game da Dell ya gargaɗe ni da abu guda: cajarta mai zagayayyen baki tana da siririyar allura a tsakiya da kwamfutar ke gane caja da ita, in ba ta gane ta ba sai ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudu, don haka mai Latitude ba ya sayen cajar bakin titi. Ya yaba mata da cewa idan ta ƙi tashi tana faɗin ciwonta da ƙiftawar fitila, misali ruwan lemo sau biyu fari sau uku yana nufin ba ta ga ram ba. EliteBook ita ta fi kyau a ido, jikinta na alminiyam, kuma kayan HP ba inda ba a samunsu a Kano. Da ofis mai sanyi nake aiki da ita zan ɗauka.

T480 na ɗauka, a kan naira dubu 275 da giga 8 na ram da SSD mai giga 256, kuma batir ne ya yanke hukuncin. Lenovo ya fitar da ita a 2018 da batir biyu, ɗaya a ciki mai ƙarfin awa-wat 24, ɗaya a waje da ake zarewa da hannu, akwai na 24, akwai na 48, akwai na 72. Ana iya zare na wajen a sa wani kwamfuta tana kunne, na cikin yana riƙe ta. Ga mai aiki a sito inda wuta take zuwa ta tafi, janareta kuma ba a tayar da shi don akawu kaɗai, wannan ya fi kowane ƙyalli. Na sayi babban na 72 daga baya. Yana ɗaga bayanta sama, yana ƙara mata nauyi, amma ɗagawar tana ba iska hanya ta ƙasa. Daga safe har la'asar nake aikin Excel ban nemi soket ba. Gurbin ram biyu ne, duka ana cirewa, na ƙara giga 8 ya zama 16 a gaban idona cikin minti biyar. Wadda ta biyo bayanta, T490, an liƙe mata wani ɓangare na ram a bod, batirin waje kuma an daina, shi ya sa masu gyara suke riƙe da T480 da daraja. Da USB-C take caji, cajar wat 65. Injiniya ya ce Lenovo da kansa ya taɓa sanar da matsala a manhajar da ke tafiyar da kafar Thunderbolt, ɗaya daga kafofin USB-C, ta ThinkPad na waɗannan shekarun, ya fitar da gyara, don haka sai da ya tabbatar an sabunta ta kafin in biya. Mai saye ya tambayi wannan.

Kibod ɗinta shi ne abin da nake ji a jikina kullum. Maɓallan suna da zurfi, yatsa yana sanin ya danna, ina shigar da lambobi ɗaruruwa a wuni ba tare da hannu ya gaji ba. IBM ne ya fara yin ThinkPad a 1992, Lenovo ya sayi sashen a 2005, wannan ma tana da ɗan jan maɓallin nan nasu na tsakiyar kibod, kodayake ni ban saba da shi ba. Mai saye ya sani Fn ce a kusurwar hagu inda aka saba ganin Ctrl, ana musanya su a BIOS. Baƙa ce, mai kauri, ba ta ado ba ce. Lasifikarta ta jin karatu ce a ɗaki, ba ta taro ba. Allonta iri-iri ne, akwai mai 1366 da 768 wanda launinsa yake dusashewa in ka kalle shi ta gefe, akwai mai 1920 da 1080 na IPS, wanda ba ya dusashewa ta gefe, shi na nace a ba ni, domin layukan lissafi sun fi shiga. Ko shi ɗin na cikin inuwa ne, a bakin sito da tsakar rana sai ka juya wa haske baya.

Wata bakwai ke nan tana hannuna. Na saita ta a Lenovo Vantage ta riƙa tsayar da caji a kashi 80 cikin ɗari ranakun da take jone, don batir ya daɗe. Na daina ɗora ta a kan buhu, na sa kafinta ya yi mini ɗan katako mai ƙafa. Kowace Alhamis kafin mu rufe ina kwafe lissafi a filas, in kuma tura shi Google Drive, filas ɗin yana aljihun Kawu. Tsohuwar tana gida, ƙannena suna koyon buga rubutu da ita, na hana a rufe murfinta saboda hinjin.

Wanda zai kai gyara wannan layin ya je da safe kafin ƙarfe 11, ya tafi da cajar da yake amfani da ita ko da yana ganin lafiyarta ƙalau, ya ce a ciro masa bayanansa kafin a taɓa komai, ya nemi rasit, ya ƙirga notinsa. In an ce masa bod ya ƙone, ya ce a nuna masa a mita. Ni dai Injiniya ya ce in dawo da ita a buɗe a share fanka da zarar hunturu ya wuce, na riga na rubuta ranar a bangon sito kusa da sikeli.